Yadda mai jinya zai tsare majinyacinsa daga kuskuren asibiti

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan majinyaci 1 cikin 10 na cutuwa a wajen neman magani, kuma fiye da rabin hakan ana iya kauce masa. A Sakkwato mai jinya ne ke kwana kan tabarma gefen gado, shi ke sayo magani, shi ke karɓo sakamakon gwaji. Abin da ya kuɓuce wa nas mai kula da gadaje da yawa, idonsa na iya kamawa.

Fara da suna. Shiga ɗakin maza ka kira "Bello" ka ga mutum nawa za su waiwayo. Lokacin da nake jinyar kawuna a wani asibiti, saura ƙiris a ba shi ƙwayoyin maƙwabcin gadonsa, don sunansu ɗaya har na uba. Lambar kati ce ta raba gardama. Rubuta ta a takarda, kuma duk sanda aka zo da allura ko ledar jini, ka ce cikin ladabi: "Sista, don Allah a duba lamba." Wajen ƙarin jini kam, kuskure na iya kisa.

Sai magani. Tattara duk abin da yake sha ka nuna wa likita, har jiƙo da sassaƙe. Ɓoyewa don kunya ba ta taimakon kowa. Faɗi idan wani magani ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko kumburi. Wanda ka sayo a kemis, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa tun kana gaban kanta. Zafinmu na bazara da ke haura digiri 40 yana rage ƙarfin insulin, allurar masu ciwon suga. In babu wuta, a ƙulle shi cikin leda a sa a tukunyar ƙasa mai sanyi.

Wanke hannu da sabulu, kai da 'yan dubiya, kafin taɓa majinyaci da kuma bayan an taɓa shi.

In tiyata ce, kada a sa hannu a takardar amincewa sai an yi bayani da Hausa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da ake dubawa a ɗakin tiyata, ciki har da tabbatar da gefen da za a yanka. Kai ma tambaya: dama ko hagu?

Idan wani abu ya faru, kada ka tsaya kan "haka Allah ya ƙaddara" kawai, don gobe wani ne zai kwanta a gadon. Fara da shugabar ɗakin. In ba a saurare ka ba, asibitocin tarayya irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da ofishin SERVICOM na karɓar koke. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana a ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Tafi da rana, da lokaci, da lambar kati a rubuce.