Ga Wanda Ya Sami Aikin Hawa Injin Ɗaga Mutum a Ingila

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suka sauka Ingila, aikin gini ko na manyan ɗakunan ajiyar kaya ne ke fara karɓarsu. Ba a jima za a nuna maka injin nan mai kwando da ke ɗaga mutum sama, wanda a takardu ake rubuta shi MEWP. Akwai mai tashi kamar almakashi, akwai mai dogon hannu. Kar ka hau ko ɗaya sai ka yi horo. Katin shaidar horon da aka fi nema shi ne PAL na IPAF, ƙungiyar masu harkar irin waɗannan injinan, yana aiki shekara 5, kuma a jikinsa ake rubuta nau'in da aka yarje maka: 3a na almakashi, 3b na dogon hannu. Mai 3a ba shi da hurumin tuƙa 3b, ko da heluma ya matsa.

Abin da ya fi damuna shi ne kunyar baƙunta. Sabon zuwa ba ya son a ce yana ɓata lokaci, sai ya karɓi makulli, ya sa hannu a takardar dubawa bai duba komai ba. Ɗan'uwa, sa hannun nan shaida ce a kanka. A nan duba inji kafin fara aiki wajibi ne kullum, kuma cikin lokacin aikin yake.

Fara da takardu. Dokar LOLER ta 1998, wato dokar injinan ɗaga kaya da mutane, ta ce duk injin da ke ɗaga mutane sai ƙwararre ya yi masa cikakken bincike duk wata 6. Nemi shaidar, ka dubi kwanan watan da idonka. Littafin sarrafa injin ma ya kamata ya kasance a akwatinsa cikin kwandon.

Sai ka zagaya shi a ƙafa, injin a kashe. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashi: ɗigon mai a kan siminti, ko da bai fi girman kwabo ba, yana nufin wani tiyo ko silinda na yoyo. Bi tiyo-tiyon da ido ka ga ko akwai wanda ya kumbura ko ya goge. Dubi tayoyi da notocinsu, dubi wuraren walda. Tsaga a walda takan fara ne kamar zaren tsatsa siriri inda fenti ya ɓare, ba ta da wani girma, amma nan nauyin ka yake rataye. Girgiza shingen kwandon, ka tabbata ƙofar tana rufe kanta. Da safiyar hunturu gari ba ya wayewa da wuri, don haka ka riƙe tocila, ka kuma share ƙanƙarar da ta kwanta a daɓen kwandon.

Gwaji daga ƙasa ake fara shi, kwandon babu kowa. Ɗaga shi, sauke shi, danna jan maɓallin tsayarwa ka ga ya mutu nan take. Gwada abin saukar gaggawa. Wannan ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi za a nema ranar da injin ya maƙale da kai a sama ko ƙarfen rufi ya danne ka. Lallai ne a samu wani a ƙasa da ya san inda yake da yadda ake aiki da shi. Ka tambayi sunansa kafin ka hau. Bayan haka ka shiga kwandon ka sake gwada komai, har birki da ƙaho.

Karanta farantin da ke manne a jikin injin. Da yawa nauyin da suke iya ɗauka bai wuce kilo 230 ba, kuma lissafin ya haɗa da kai, abokin aikinka da kayan aikinku. Iskar da galibin na waje ke jurewa mita 12.5 ce a daƙiƙa, wasu kuma na cikin gini ne kawai, ba a fita da su sam. A mai dogon hannu, sa ɗamarar jiki, ka ɗaura gajeriyar igiyarta a ƙugiyar da aka tanada, ba a jikin shinge ba.

Ƙasar ma abin dubawa ce. Ruwan saman Ingila na jiƙa wuri ya yi laushi, ga murafun magudanar ruwa da ba za su ɗauki nauyin injin ba. Ɗaga kai kuma ka nemi wayoyin lantarki.

In ka ga matsala, cire makulli, rataya alamar kar a taɓa, ka sanar da shugaban wurin a rubuce. Kar ka ce za ka gyara da kanka, ko da kai makanike ne a gida. In an tilasta ka hawa, sashe na 44 na dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ya kare wanda ya ƙi aiki saboda haɗari mai tsanani da ke gabansa, kuma tun 2021 kariyar ta haɗa da irin waɗanda ke aiki ta hannun kamfanonin samar da ma'aikata. Kana iya kai ƙorafi HSE, hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata, ta shafinta na intanet, ka kuma nemi kada a bayyana sunanka ga mai aikin.