Kurakuran da masu zuwa tafkin Como suke yi a lokacin kaka

Yawancin masu shirin zuwa tafkin Como a arewacin Italiya hotunan Instagram ne suka ja su, rana ta ƙwalle, ruwa garai-garai, kowa na shan iska a cikin jirgin ruwa. To waɗancan hotunan fa na Yuni ne zuwa Agusta. Kai kuma ka duba ka ga otal ya fi araha a Oktoba ko Nuwamba sai ka yanki tikiti, kana zaton abin da ka gani a waya shi zaka tarar. Wajen yana da kyau a kaka kam, ni a ganina ma ya fi kyau, ganye ya koma ja da ruwan ɗorawa a jikin duwatsu, cunkoso ya ragu, amma tsarin garuruwan gaba ɗaya canzawa yake yi, kuma daga nan kusan duk matsalar take tasowa.

Na farko mutane suna haɗa Satumba da Oktoba da Nuwamba su zuba a kwano ɗaya wai duk kaka ce. Ba haka bane. Satumba kusan bazara ce, da rana zafi yakan wuce digiri 20, komai a buɗe, farashi ma bai wani sauka ba. Oktoba ita ce tsaka-tsaki, ita nake ba mutane shawara, musamman sati biyun farko. Nuwamba kuwa wani abu ne daban, da dare sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 5, otal-otal da gidajen abinci da yawa a ƙananan garuruwan tsakiyar tafkin irin su Bellagio da Varenna da Menaggio sukan rufe sai Maris ko Afrilu. Zaka iso gari ka ga tagogi a garƙame, kujerun waje an kife su an ɗaure da sarƙa, ka rasa inda zaka sha ko shayi. In dai ba a Nuwamban kawai kake da hutu ba, ka jawo tafiyar baya. In kuma dole ce to ka sauka a cikin birnin Como ko Lecco, su garuruwa ne na mazauna, ba sa rufewa.

Babban abin da ke kwantar da mutane shi ne jirgin ruwa. Tafkin yana da rassa uku ne, ɗaya ya yi arewa wajen Colico, biyu suka yo kudu, ɗaya ya ƙare a Como ɗaya a Lecco, Bellagio kuma tana zaune daidai inda suka rabu. A taswira zaka ga kamar komai kusa yake, amma duwatsu ne suka kewaye ruwan, hanyoyin mota ƴan siriri ne masu kwana-kwana, don haka jirgi ne motar hayar wajen. Kamfanin da ke tafiyar da su Navigazione Laghi yake, kuma jadawalinsa ba ɗaya bane duk shekara, akwai na bazara, a farkon Oktoba a canza, a Nuwamba a sake rage jiragen. Kuskuren shi ne mutum ya samo hoton jadawali a wani shafi da aka rubuta tun watan Yuli ya gina tafiyarsa a kai, ya je ya tsaya a bakin ruwa ƙarfe bakwai na yamma yana jiran jirgin da ya daina zuwa tun sati uku da suka wuce. Ka shiga shafin kamfanin da kanka ka duba kwanan watan da ke saman jadawalin, sannan da ka sauka a kowane gari kafin ka ɗaga waya ka fara hoto, ka je allon da ke tashar ka ga ƙarfe nawa jirgin ƙarshe zai tashi. Wannan lokacin shi zai tsara maka yininka, ba kai ba.

Kuma jiragen kala uku ne, mutane suna rikita su. Akwai mai tafiya a hankali yana tsayawa gari-gari, daga Como zuwa Bellagio yakan ci kusan awa biyu ko fiye. Akwai mai gudu, ƙasa da awa ɗaya ya kai ka, amma sai ka biya ƙari a kan kuɗin tikiti kuma a ciki kake a rufe, ba wani kallo. Sai na fito mai ɗaukar har motoci, shi a tsakiyar tafkin kawai yake yawo tsakanin Bellagio da Varenna da Menaggio da Cadenabbia, kowace tsallakawa minti sha biyar zuwa ashirin, kuma shi ne wanda ya fi ɗorewa ko da sanyi ya shigo. Idan jirgi ya wuce ka akwai bas, C30 tana haɗa Como da Bellagio, C10 tana bin gaɓar yamma ta Menaggio har Colico, amma ita ma ba kwana take tana zirga-zirga ba, kuma tasi a waɗannan ƙauyukan ba a tare ta a titi, kira ake, kuɗin kuma sai ka riƙe baki.

Wannan ya kawo mu maganar masauki. Da yawa suna kama ɗaki a cikin Como saboda sunan ya yi daidai da na tafkin, alhali wuraren da suka gani a hoto suna can tsakiya. Kullum sai su ƙona awa uku ko huɗu a zuwa da dawowa a lokacin da yinin ma gajere ne. In tsakiyar kake so, hau jirgin ƙasa daga Milano Centrale, babbar tashar birnin Milan, ka sauka a tashar Varenna-Esino, awa ɗaya ce da ƴan mintoci, daga nan ka gangara da ƙafa zuwa bakin ruwa. Varenna tana fuskantar yamma, don haka rana tana daɗewa a kanta, ita kuwa gaɓar yamma dutse yakan tare mata rana tun da wuri. Kada kuma ka ce zaka haɗa tafkin Como da tafkunan Maggiore da Garda a kwana huɗu, a tasha zaka ƙare hutun. Ɗaya ya isa.

Sai agogo. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba Turai suke mayar da agogo baya da awa ɗaya. Kafin ranar Italiya tana gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya, bayan ranar lokacinmu ɗaya da su. Abin da hakan ke nufi a ƙasa shi ne rana da take faɗuwa wajen shida da rabi jiya, yau biyar da ƴan mintoci ta tafi, zuwa ƙarshen Nuwamba kuwa kafin biyar ma duhu ya fara. Wanda ya saba fitowa daga otal sha ɗaya na safe ya cuci kansa. Sallah ma haka take matsewa, Azahar sha biyu da ɗan abu, La'asar wajen biyu da rabi zuwa uku, kafin ka ankara Magariba ta yi kana tsakiyar ruwa. A ƙananan garuruwan nan babu masallaci, sai dai cikin Como ko Lecco ko Milan, don haka ƴar dardumar aljihu da manhajar lokutan sallah su zama a jakarka, Juma'a kuma ka tsara ta faɗo ranar da kake birni.

Kayan sawa ma ana tafka kuskure. Mu sanyin da muka sani na hunturu busasshe ne, ka sa suwaita ka shafa mai shikenan. Na can jiƙaƙƙe ne, Oktoba da Nuwamba suna cikin watannin da aka fi ruwan sama a yankin, wani lokacin kwana biyu uku yana tsula ba ƙaƙƙautawa, har tafkin ya taɓa cika ya malalo dandalin Piazza Cavour a Como ba sau ɗaya ba. Jibgegiyar riga guda ba ta da amfani, da rana ka yi gumi a cikinta, da ruwa ya taɓa ta kuma ta zama kaya. Gara ƴan riguna marasa nauyi da zaka ɗora ɗaya kan ɗaya, rigar ruwa a sama, lema ƙarama. Takalmi kuwa don Allah Hajiya a bar mai tsinin nan a gida, Alhaji kai ma sau-ciki mai santsin ƙasa ba nan bane wajensa. Lungunan Bellagio da Varenna matakala ne na duwatsu ƴan mulmulallu, in ruwa ya jiƙa su ga ganye ya zuba a kai, sulɓi suke kamar me. Haka akwati, wanda ya zo da manyan akwatuna biyu masu taya zai gane kurensa, don taya ba ta hawa matakala, a ka ko a kafaɗa zaka ɗauka.

Gidajen tarihin nan masu lambu da ake zuwa dominsu, kowanne da lokacinsa. Villa Carlotta a Tremezzo da lambun Villa Melzi a Bellagio wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba suke rufe kakarsu. Villa del Balbianello a Lenno ta fi su daɗewa a buɗe amma ba ta aiki Litinin da Laraba, kuma sai ka yi bukin tun kafin ka zo, mutane da yawa sukan taka har ƙofa a juyo da su. Shi kuma jirgin da igiyar ƙarfe ke ja daga Como zuwa ƙauyen Brunate da ke kan dutse, wanda yake aiki tun 1894, minti bakwai ne ka kai sama, amma kada ka yanke masa rana tun daga gida. Ka tashi da safe ka kalli kan dutsen, in gajimare ya rufe shi to farin hazo kawai zaka biya kuɗi ka kalla. Ranar ruwa ka shiga cikin gari, ga babban cocin Como, ga gidan tarihin Alessandro Volta wanda ya ƙirƙiro batir, ɗan garin ne, ga shagunan siliki da aka san Como da su. Ranar 1 ga Nuwamba kuma hutu ne a duk Italiya, jama'ar Milan sukan fito, jirage su cika.

Abinci. A nan kuskure biyu ne. Ɗaya lokaci, gidajen abinci na gaske sha biyu zuwa biyu da rabi suke ba da na rana, su rufe kicin sai bakwai ko bakwai da rabi na dare, ka zo ƙarfe huɗu da yunwa sai dai biredi da kofi. Na biyu shi ne zaton in ka kauce wa abin da aka rubuta alade ka tsira. Prosciutto, pancetta, speck, guanciale, salame, mortadella duk alade ne, strutto kuma kitsensa ne da akan sa a wasu biredi. Shinkafar nan tasu risotto yawanci da ɗan farin giya ake fara dafa ta, har wadda ake ɗora wa kifin tafkin, wasu kayan zaƙin ma haka. Ka riƙe senza maiale da senza vino, wato ban da alade ban da giya, ka tambaya ba kunya, sun saba. Abin da ya fi sauƙi shi ne kifin tafkin, akwai missoltini busasshen kifi mai gishiri da ake gasawa a ci da polenta, wadda kusan tuwon masara ce, akwai pizzoccheri taliya mai duhu da kabeji da dankalin turawa da cuku da man shanu, abincin sanyi ne sosai. A bakin titi kuma zaka ji ƙamshin castagne, wasu ƴaƴan itace masu ɓawo da ake gasawa a wuta a ƙunsa maka a takarda, lokacinsu ne. In an kawo bil ka ga coperto kada ka ɗaga murya wai an cuce ka, kuɗin zama ne da biredi, kowa ana caza, haka otal ma akwai ɗan harajin kwana da akan karɓa daban.

Tikitin jirgin ƙasa na takarda in ba mai ɗauke da lokaci bane sai ka tura shi cikin ƴar na'urar da ke tasha ta buga masa hatimi kafin ka hau, in ba haka ba mai duba tikiti tara zai rubuta maka, ban sani ba ba ta karɓuwa. Yajin aikin sufuri ma abu ne da aka saba a Italiya, sau da yawa ranar Juma'a, ana sanarwa tun kafin lokaci, in ka ga kalmar sciopero ka duba ranar. Masu hayar mota kuma, tsakiyar Como akwai alamar ZTL, farin da'ira mai jan baki, shiga an hana, kyamara ce ke ɗaukar lamba, tarar sai bayan watanni ta biyo ka ta kamfanin hayar. Ni dai ban ga amfanin mota a wajen ba, ga ƙuncin hanya ga rashin wajen fakin.

Suwizalan tana nan manne da Como, garin Chiasso ne bakin iyaka, Lugano kuma bai kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa. Bizar Schengen, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai da ake shiga Italiya da ita, tana shiga, amma in bizarka ta Italiya ce ka tabbatar Italiyar ce inda ka fi daɗewa, fasfo kuma a jikinka. Kuɗinsu ba yuro bane, faran ɗin Suwizalan ne, sannan layin waya da yawa na Turai ba su haɗa da ita ba, har kana cikin Italiya kusa da iyaka waya takan kama sabis ɗin can ta cinye maka kuɗi, ka kashe romin. Caja kuma, Italiya da Suwizalan duk soket ɗinsu mai zagayayyun ramuka ne, filoginmu mai ƙafa uku na Najeriya ba ya shiga, sayi adafta tun daga gida.

Sai ranar komawa. In jirginka na safe ne daga filin jirgin saman Malpensa na Milan kada ka kwana a Bellagio ko Menaggio daren ƙarshe, domin sai ka jira jirgin ruwa na farko, ka kamo jirgin ƙasa zuwa Milan, ka sake hawa jirgin ƙasan Malpensa Express, abu ɗaya ya makara ko iska ta hana jirgin ruwa tashi shikenan. Dawo Como ko Milan tun jajibiri. Daga Como akwai jirgin ƙasa na kamfanin Trenord da zaka canza a garin Saronno ya kai ka filin jirgin ba sai ka shiga cikin Milan ba.