Yadda na hana ƙudan zumana gudu a bazara

A watan Afirilu amyata ɗaya da ke gona kusa da Gulbin Maraɗi ta fara ba ni tsoro. Da rana tsaka ƙudaje su taru a bakin ƙofa cunkus, suna kaɗa fukafukai. Na buɗe da magariba, na tarar saƙa biyu sun yi laushi sun faɗo, zuma na tsiyaya.

Zafi ne. Ƴaƴan ƙudan zuma suna buƙatar ɗumin wajen digiri 35, mu kuwa nan bazara kan wuce 40, ga murfin kwano yana shan rana. Da ruwa suke sanyaya gidansu: su ɗebo, su shafa a saƙa, su yi ta fifita. In ruwa ya yi nisa, guduwa suke.

Da dare na maida amyar ƙarƙashin gawo, tunda shi da rani yake da ganye. Na ɗora zana bisa murfin, na bar tazarar yatsa huɗu iska ta ratsa. Sai kasko na ruwa a inuwa, da tsakuwa da guntayen kara a ciki don kada su nutse. Kullum da asuba nake cika shi, kuma wannan ne ya fi komai aiki a ganina.

Zumar da ta zuba ta jawo cinnaka, sai na tsoma ƙafafun teburin da amyar ke kai cikin gwangwanayen baƙin mai. Ban ɗebi ko cokali na zuma ba har damina ta sauka, abincinsu ne. Kafin gawo ya kaɗe ganye sun gina sabuwar saƙa, sarauniya ta ci gaba da ƙwai.