Yadda Ake Neman Ganin Takardun Ƙaramar Hukuma

Idan aka ce an ware kuɗin gyaran makarantar firamare, shekara ta zagayo rufin yana nan yana yoyo, to akwai takardar da ta san inda kuɗin suka shiga. Tana cikin wani fayil a ofishin ƙaramar hukuma, kuma a ƙasashe sama da 100 doka ta ba kowa ikon ya nemi ganinta. Suwidin ce ta fara kafa irin wannan doka tun 1766. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancinmu ba ma nema, waɗanda suka nema kuwa da fatar baki suke yi, maganar ta bi iska.

Da farko ka san dokar da ta hau kan hukumar da kake nufa. A Amurka dokar tarayya ta 1966 ba ta shafi ƙananan hukumomi ba, kowace jiha da tata. A Ingila dokar shekarar 2000 ta haɗa da su. Ta Indiya, ta 2005, ta sauka har majalisar ƙauye. A Najeriya an daɗe ana kai ruwa rana kan ko dokar 2011 ta tsaya a gwamnatin tarayya ne kawai, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilun 2025 cewa ta hau kan kowane matakin gwamnati. Ka rubuta cikakken sunan dokar, don da shi za ka buɗe wasiƙarka.

Sai babban aikin, wanda a nan mutane da yawa suke zamewa: takarda ake nema, ba bayani ba. In ka rubuta "me ya sa ba a gama aikin ba?" ka ba su ƙofar zillewa, domin doka ta tilasta musu fito da abin da ke ajiye ne, ba ta ce su zauna su tsara maka hujja ba. Ka ce kana son kwafin takardar ba da kwangilar gyaran makaranta kaza, da sunan kamfanin da aka ba, da adadin kuɗin, da takardun biyan da aka yi daga Janairu zuwa Disambar shekara kaza. Kowane abu da lambarsa, uku ko huɗu sun isa. Wanda ya ce a ba shi "duk takardun ayyuka" shi ya miƙa musu uzurin cewa abin ya yi yawa. Kafin ka aika, leƙa shafin hukumar na intanet, wataƙila kasafin kuɗin ma yana can.

Ba dole ba ne ka faɗi dalilinka. Dokokin Najeriya da Indiya duk sun fayyace haka. Wanda bai iya rubutu ba ma ba a bar shi a baya ba, jami'in da ya karɓi buƙatar zai iya rubuta masa ita.

Ka yi kwafi biyu. Idan ka miƙa ɗaya, kada ka ɗaga ƙafa sai an buga wa ɗayan hatimi, an sa hannu da kwanan wata. Za a iya ce maka "bar ta kawai, za mu duba." Ka yi murmushi, ka ci gaba da tsayuwa. Wannan hatimin shi ne shaidarka, daga ranarsa ake fara ƙirga wa'adi: kwana 7 a Najeriya, 14 a Gana, kwanakin aiki 20 a Ingila, kwana 30 a Indiya, ko awa 48 idan rai ko 'yancin mutum ne a ciki. Kuɗin da za a nema a wurinka galibi na buga kwafi ne, ka karɓi rasit.

In sun ƙi, ka nemi ƙin a rubuce, da sashen dokar da suka dogara da shi. Akwai abin da ya halatta a ɓoye, kamar sirrin lafiyar wani ko binciken laifi da ba a kammala ba, amma layi biyu na sirri ba sa haramta takarda gaba ɗaya. A rufe su, a ba ka sauran. Shiru ma ƙi ne idan wa'adi ya wuce. A Najeriya kana da kwana 30 ka garzaya kotu. A Ingila hukumar ce za ta fara sake duba matakinta, sannan a kai wa Kwamishinan Bayanai, mai sa ido kan bin dokar. A Indiya ana iya cin jami'in da ya yi jinkiri tarar rufi 250, kuɗin Indiya, kowace rana daga aljihunsa.

Takardar in ta zo hannu, ɗauke ta ka je wurin aikin. Ta ce azuzuwa shida? Ƙirga. A tsakiyar shekarun 1990, talakawan jihar Rajastan ta Indiya sun samo jerin sunayen leburorin da aka ce an biya, suka tara jama'a suka karanta da ƙarfi. Wasu suka miƙe suka ce ko rufi ɗaya ba su gani ba, wasu sunayen kuwa masu su sun daɗe a kabari. Daga irin waɗannan tarurruka fafutukar da ta haifi dokar 2005 ta samo ƙarfinta.