Darasi na Tara: Yadda Za Ku Gane Ko Kuɗin Inshorar Gida da Kaya Ya Yi Daidai

Inshorar gida yarjejeniya ce tsakanin mai gida da kamfani. Mai gida yana biyan wani kuɗi duk shekara. Kamfani kuma ya ɗauki alkawarin biyan diyya idan gobara ta tashi, ko iska ta yaye rufi, ko ɓarayi suka fasa gida. Iri biyu ce. Akwai ta gini, wato bango da rufi da ƙofofi da wayoyin lantarki da bututun ruwa. Akwai kuma ta kaya, wato gado da kujeru da tufafi da firiji, duk abin da za ku loda a mota ranar da kuka tashi daga gidan. Ɗan haya ta kaya kaɗai yake bukata, domin gini na mai shi ne.

Mutane da yawa, idan kamfani biyu suka ba su farashi, sai su duba lambar da ke ƙasan takarda su ɗauki ƙarama. Wannan darasi yana so ya raba ku da wannan ɗabi'a. Ba a auna kuɗin shekara shi kaɗai. Ana auna shi ne da abin da zai shigo hannunku ranar da asara ta auku.

Lambobin da za ku gani a misalan nan na koyon lissafi ne kawai. Ku sa na gidanku a madadinsu.

Daga ina farashi yake fitowa?

A shekarar 1666 gobara ta cinye gidaje sama da 13,000 a birnin Landan. A wajen 1680 wani likita mai harkar gine-gine, Nicholas Barbon, ya buɗe ofishin inshorar gobara a birnin. Tun a lokacin, mai gidan katako yana biyan ninki biyu na abin da mai gidan tubali yake biya, saboda katako ya fi saurin kamawa da wuta. Har yau ƙa'idar ke nan: gwargwadon haɗarin gida, gwargwadon kuɗinsa.

Mu ɗauka akwai gidaje 1,000, kowanne kuɗin sake gina shi 1,000,000. A ce a shekara guda biyu suna ƙonewa ƙurmus. Asara ta zama 2,000,000. Idan aka raba ta kan gidaje 1,000, kowane gida zai ba da 2,000. A kan wannan kamfani zai ɗora kuɗin ƙananan asarori, albashin ma'aikata, la'adar dillali, haraji, da ribarsa. Saboda haka idan ya nemi 3,000 bai zalunci kowa ba. Idan ya nemi 9,000 a kan gida irin wannan, akwai magana. Haka kuma idan ya nemi 500, ku tsaya ku yi tambaya, don kuɗin da ya tara ba zai isa biyan waɗanda suka yi asara ba.

Shi ya sa bai kamata ku ji haushi don maƙwabcinku yana biyan ƙasa da ku ba, sai kun duba bambancin gidajen. Kamfani yana duba kayan da aka yi ginin da su, tsufan wayoyin lantarki, nisan gida da rafi ko kwari, nisansa da ofishin 'yan kwana-kwana, ƙarfin ƙofofi da makullai, da ko an taɓa biyan diyya a gidan.

Kuɗin sake gini, ba kuɗin sayarwa ba

A nan aka fi yin kuskure, don haka mu tsaya mu fahimce shi sosai. Adadin da za ku rubuta a takardar inshora shi ne abin da zai sake gina gidan daga tushe, har da kwashe ɓaraguzai da ladan masu zane da magina. Ba abin da za a saye gidan a kasuwa ba ne. Kuɗin kasuwa ya haɗa da fili, fili kuwa ba ya ƙonewa kuma ba a sace shi a mota. Wanda ya rubuta kuɗin kasuwa a unguwar da fili yake da tsada, yana biyan kuɗin banza duk shekara, kuma kamfani ba zai biya shi fiye da asarar da ya yi ba.

Wanda ya rage adadin don kuɗin shekara ya sauka, tasa matsalar ta fi muni. A yarjejeniyoyi da yawa akwai sharaɗin da ya ce idan ka yi inshorar wani kaso na gida, kason nan kaɗai za a biya ka a kowace asara. Ga misali. Sake gina gida zai ci 1,000,000, amma mai shi ya rubuta 600,000, wato kashi 60 cikin 100. Wuta ta ci ɗaki biyu, gyara ya kama 200,000. Yana zaton za a ba shi 200,000 cif, tunda bai kai 600,000 ba. Abin da za a ba shi 120,000 ne. Sauran 80,000 daga aljihunsa. Abin takaici shi ne mutum ba ya sanin wannan sharaɗi sai ranar da yake tsaye a gaban toka. Ku nemi magini mai gaskiya ko ƙwararren mai ƙiyasin gini ya faɗa muku adadin, kuma ku sake dubawa duk shekara, domin kuɗin siminti da rodi da katako ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Kaya kuwa, ku ɗauki littafi ku bi ɗaki ɗaki kuna rubutawa. Kada ku manta labule, tukwane, takalma, da kayan yara. Ku ɗauki hotuna da waya, ku adana rasiɗai a wani wuri da ba cikin gidan ba. Sannan ku tambayi kamfani: sabo za a ba ni a madadin tsoho, ko za a cire kuɗin tsufa? Firijin da kuka saya 100 shekara biyar da suka wuce, wataƙila sabonsa yau 150 ne. Wani kamfani zai ba ku 150, wani ya ce tsohon naku 50 ya rage masa. Na farkon zai fi tsada, kuma tsadar tana da dalili. Kayan ado na zinare da kwamfuta mai tsada sukan sami iyaka ta musamman, sai an rubuta su da sunansu kafin a biya cikakken kuɗinsu.

Gwada farashi biyu

Ku nemi farashi daga kamfani uku aƙalla, ku ba su adadi ɗaya da bayani ɗaya. Sai ku raba kuɗin shekara da adadin inshora don ku ga nawa ake biya a kan kowane 1,000. Bayan haka ku nemi wata lamba da ba a cika rubuta ta da manyan baƙi ba: kason mai gida. Shi ne kuɗin farko da ku za ku ɗauka a kowace asara kafin kamfani ya sa hannu a aljihu.

Kamfani na ɗaya ya ce 3,000 a shekara, kason mai gida 10,000. Na biyu ya ce 2,000, kason mai gida 50,000. Wuta ta tashi a kicin, gyara ya ci 80,000. Na ɗaya zai biya 70,000, na biyu 30,000. Bambanci 40,000 ke nan. Rangwamen 1,000 a shekara sai ya shekara 40 kafin ya cike wannan giɓi. Araha ba ta ado. Amma mai ajiyar da za ta ɗauki 50,000 ba tare da ya ci bashi ba, yana iya zaɓar na biyu da saninsa, kuma bai yi laifi ba.

Shafin da ya fi kowane muhimmanci shi ne na abubuwan da ba a biya. Lalacewar tsufa, ɓarnar gara, da yoyon da aka bari ba gyara, kusan babu mai biyansu. Ambaliya da girgizar ƙasa kuwa ya danganta da ƙasa da kamfani. A Amurka inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an yi mata tata daban, kuma gwamnati ta kafa shiri na musamman dominta a 1968. Wasu kamfanoni sukan janye kariya idan gida ya zauna ba kowa fiye da kwana 30 ko 60. Idan gidanku a kwari yake, kuma takardar ta cire ambaliya, ko nawa aka rage muku ta yi tsada. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna, ya sa a karanta masa shafin nan layi layi, kada kunya ta sa ya sa hannu.

Biyan wata-wata yakan zo da ƙari. Ku haɗa na wata 12 ku gwada da na biya ɗaya. Lokacin sabuntawa ma kada ku amince da sabon farashi ido rufe. Wasu kamfanoni sukan jawo sabon mutum da rangwame, sannan su riƙa ƙara wa tsohon abokin hulɗa kaɗan kaɗan. Abin ya kai hukumar kula da harkar kuɗi ta Birtaniya ta hana shi a inshorar gida da ta mota tun Janairun 2022. Inda babu irin wannan doka, ku ne za ku tsare kanku da neman farashin wasu duk shekara.

Shin kamfanin yana biya kuwa?

Ku tabbatar yana da lasisi daga hukumar inshora ta ƙasarku. Ku tambayi waɗanda suka taɓa neman diyya a wurinsa tsawon lokacin da suka jira. Idan yana buga rahoton shekara, ku duba cikin kowane 100 da ya karɓa nawa ya mayar a matsayin diyya. Idan kaɗan ne ƙwarai shekara bayan shekara, ko dai farashinsa ya yi yawa ko kuma hannunsa yana da nauyi wajen biya. Wanda ya fi natsuwa da takaful, tsarin inshorar Musulunci na taimakon juna da aka fara kafa wa kamfani a Sudan a 1979, duk waɗannan tambayoyi sun shafe shi, sai ya ƙara ɗaya: yaya ake raba rarar asusu a ƙarshen shekara?

Aikin aji

Kuɗin sake gina wani gida 2,000,000 ne, mai shi ya rubuta 1,500,000. Iska ta yaye rufi, gyara ya kama 400,000, kason mai gida kuma 20,000 ne. Ku fara gano kashi nawa cikin 100 na gidan aka yi wa inshora, sannan ku lissafa abin da kamfani zai biya bayan an cire kason. A gida kuma, kowa ya rubuta kayan ɗaki ɗaya da kuɗin sabonsu a yau, ya kawo jimillar a zama na gaba.