Jirgi biyu a gabanka, kuɗin ɗaya a aljihu: inda masu saye ke tuntuɓe a Legas

Wani abokin kasuwancina a Agege ya yi wata guda yana kai-komo tsakanin jiragen ruwa na shaƙatawa biyu. Ɗaya siriri ne mai babban inji, ɗayan faffaɗa mai rumfa, gudunsa kadaran-kadahan. Ya ɗauki siririn. Fita ta farko zuwa Tarkwa Bay, wani bakin teku da ake zuwa shaƙatawa ta jirgin ruwa, rana ta gasa Hajiya da yara, feshin ruwa ya jiƙa musu kaya. Ana saukowa ta ce da shi, "Alhaji, wannan kai kaɗai ka saya wa."

Babban kuskuren ke nan: kallon inji kafin kallon iyali. Fara ƙirga mutanenka, har da goggo da kular abinci, sannan ka duba ɗan allon da kamfani ke maƙalawa mai nuna yawan mutane da nauyin da jirgin ke ɗauka. Tsayin gefe ma abin dubawa ne, don yaro ɗan shekara 4 ba ya zama wuri ɗaya. Kuma kada ka yarda da gwaji kai da dillali kawai. Jirgin da ke tashi kamar tsuntsu da mutum biyu yakan koma jan ciki da mutum takwas. Kwashi gida duka ku je gwajin.

Sai ruwan da za ka bi, wanda a Legas ba iri ɗaya ba ne. Cikin lagun, wato babban tafkin Legas, da rafin Five Cowries akwai wurare marasa zurfi, nan jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi daɗi. Amma hanyar Tarkwa Bay ta ratsa mashigar manyan jiragen Apapa, kuma igiyar da suke tayarwa jijjiga mai shimfiɗaɗɗen ƙasa take yi har haƙora su haɗu. Can mai tsinin ƙasa ne ke yanka ruwa. Ga kainuwa da leda masu naɗe farfela. Shi ya sa ni dai na fi son injin da ake ratayawa a baya: ka ɗaga shi ka cire datti, in ya lalace a kwance shi a kai wa makanike. Yamaha ya cika tashoshin ruwan Legas, kayan gyaransa ba sa wuya.

Mutane kuma kan tsaya kan kuɗin saye su manta da na riƙo. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 lissafi ya sauya. Inji mai ƙarfin doki 200, in aka buɗe masa wuta duka, yana iya shan wajen lita 70 a awa guda. Ƙara da kuɗin wurin ajiya da albashin direba.

In na hannu ne, sabon fenti kada ya ruɗe ka. Ruwan gishiri ta ciki yake cin inji. Tafi da makanikenka, ba na mai sayarwa ba, a fitar da jirgin tudu a ga ƙasansa, ka taka daɓen ka ji ko yana lotsawa.

Takardu ka tantance su a hukumomin kula da hanyoyin ruwa, wato NIWA ta tarayya da LASWA ta jihar Legas, kafin ka biya. Rigar ceto kuwa kowa da tasa, kuma ta yaro daidai jikinsa; ta babba in ya faɗa ruwa zamewa take yi ta kansa.