Darasi na Shida: Karɓar Gyara a Wurin Aiki Bayan Daina Shan Giya

Mutumin da ya daina shan giya ya koma bakin aikinsa yana ɗauke da nauyin da abokan aikinsa ba sa gani. A makonnin farko, wani lokaci ma har watanni, barcinsa ba ya daidaita, ransa yana saurin ɓaci, hankalinsa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin ƙwaƙwalwar da ta saba da giya tana bukatar lokaci kafin ta dawo daidai. Ga kuma kunyar abin da ya wuce, kamar ranakun da ya zo aiki a makare da kayan mutane da ya ɓata. Shi ya sa maganar gyara wadda wani ma'aikaci zai ji ya manta kafin azahar, shi takan tsaya masa a rai har dare.

Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alan Marlatt, wanda ya koyar a Jami'ar Washington ta Amurka, ya bi diddigin mutanen da suka daina shaye-shaye sannan suka koma, ya gano cewa ɓacin rai, da saɓani da mutane, da matsin abokai su ne kan gaba wajen mayar da mutum ruwa. Gyaran da maigida zai yi wa yaronsa yana iya haɗa na farko da na biyu cikin minti ɗaya, na ukun kuwa yana jira a hanyar gida.

Mu ɗauki misalin tela da ke aiki a shagon wani ana saura kwana kaɗan Sallah. Maigidan ya ɗaga rigar da ya gama ɗinkawa, ya duba, ya ce: "Wuyan nan ya karkace, warware ka sake." Nan take kunnuwan telan suka ɗauki zafi, zuciyarsa ta fara raya masa cewa ai dama ba a yarda da shi ba, har yanzu kallon mashayi ake yi masa, duk wahalar da ya sha ta tafi a banza. Amma idan aka koma ga abin da aka furta, maigidan bai ambaci giya ba, bai ambaci bara ba, maganar wuyan riga kawai ya yi. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma aikin farko a nan shi ne mutum ya tsayar da maganar daidai inda mai ita ya tsayar da ita.

Abin da ya fi amfani a wannan lokaci shi ne jinkirta amsa. Telan ya ja numfashi a hankali, idan a tsaye yake ya zauna, kamar yadda ya zo a hadisi game da mai fushi, sannan ya ce: "To, Maigida, na ji. Nuna mini daidai inda ya karkace." Wannan tambaya tana mayar da zancen kan abin da hannu zai iya gyarawa, tana kuma nuna wa maigidan cewa yaronsa ya damu da aikin. Dogon bayanin kare kai ba ya da amfani, haka ma yawan ba da haƙuri har ya wuce kima, domin wuyan riga ɗaya bai kai a yi masa rantsuwa da kuka ba. Idan zuciya ta ƙi kwanciya, sai ya nemi izini ya fita ya sha ruwa ya wanke fuska, ya dawo ya ɗauki reza ya fara warware ɗinkin.

Ba kowace magana ce gyara ba, kuma wajibi ne mu faɗi haka. Gyara yana nuna abu guda da yadda za a daidaita shi. Gori kuwa yana tono abin da ya wuce a gaban mutane domin a kunyata mutum. Wanda aka yi wa gori yana da haƙƙin ya sami mai maganar a keɓe bayan ransa ya huce, ya ce masa cikin ladabi: "Idan aikina yana da matsala ka faɗa mini, zan gyara, amma waccan magana na bar ta." Ya zo a Sahihul Buhari cewa Annabi (SAW) ya hana a la'anci wani mutum da aka sha kawowa saboda shan giya, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ya kamata masu gida da shugabannin ma'aikata su riƙe wannan.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan an tashi aiki, musamman idan yunwa da gajiya sun haɗu da ɓacin ran. Sha'awar giya takan taso da ƙarfi, amma idan ba a biye mata ba takan lafa da kanta, sau da yawa cikin kamar rabin awa. Saboda haka a irin wannan rana mutum ya ci abinci kafin ya kama hanya, ya kauce wa layin da mashaya take ko da zagaye zai yi, kada kuma ya zauna shi kaɗai yana juya maganar. Ya kira amininsa, ko matarsa, ko malamin da ya san halin da yake ciki, ya faɗa masa abin da aka ce da yadda ya ji.

Idan kuwa an yi tuntuɓe an sha, kada a ɓoye, a koma wurin likita da wuri. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Jihar Sakkwato suna duba masu wannan matsala. Wanda ya koma sha da yawa kada ya yanke lokaci guda ba tare da shawarar likita ba, domin hakan yana iya jawo karkarwa da farfaɗiya.

Aikin aji: ɗalibai su zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama maigida ya yi gyara a kan sana'ar da suka sani, ɗayan ya maimaita abin da aka ce ba ƙari ba ragi, sannan ya yi tambaya ɗaya a kan yadda zai gyara. Bayan haka kowa ya rubuta a littafinsa sunan mutum biyu da zai iya kira ranar da ransa ya ɓaci a wurin aiki.